Wa Ya Ƙi Zamani, Malami Ko Masu Riƙe da Asusu?

'Yan'uwa malamai, da iyalanmu da ke karanta wannan mujalla tare da mu, akwai wata magana da ta zama waƙa a bakin masu jawabi duk ranar da aka tara mu a zauren taro. Wai malamin firamare na karkara ya ƙi zamani, wai tsoron kwamfuta yake yi, wai da zai koyi aiki da intanet da shafukan sada zumunta da tuni makarantunmu sun gyaru. Akan faɗe ta, a tafa, a raba ruwan leda, kowa ya kama gabansa. Lokaci ya yi da za mu amsa ta a rubuce, domin zargin da aka yi shiru a kansa yakan rikiɗe ya zama hujja, kuma da irin wannan hujja ake raba mutum da abincinsa. Wanda ya manta ya tuna Kaduna a 2017, inda jarrabawa guda ta raba malaman firamare fiye da 21,000 da aikinsu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Bari mu fara da inda muka yarda da su. Babu malami mai hankali da zai ce wannan ilimi bai zama dole ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, don haka yaron da ke aji huɗu a Zamare ko Libata yau, in Allah ya yi masa nisan karatu, a gaban allon kwamfuta za a auna shi. Mu kanmu jarrabawar hukumar rajistar malamai, TRCN, a kan kwamfuta ake yin ta. Mun kuma ga abin da ya faru a 2020, sa'ad da annobar korona ta rufe makarantu tun daga watan Maris har wajen Oktoba. 'Ya'yan masu hali a birane sun ci gaba da darasi ta waya, namu kuwa suka koma bakin koma da gonar shinkafa, wasunsu ba mu sake ganinsu a aji ba. Wanda ya shaida wannan ba ya bukatar wa'azi a kan amfanin zamani.

Inda muka rabu da su shi ne batun wa ya ƙi. A je kasuwar kifi ta Yalwa a gani. Masuncin da bai taɓa zama a aji ba yana tura saƙon murya ya ji kuɗin giwan ruwa da karfasa kafin ya turo jirginsa gaɓa. Mai sayar da albasa yana karɓar kuɗinsa ta waya daga Legas. To, yaya za a ce mutumin da ya yi shekara uku a kwalejin ilimi, ya fito da NCE, yake koya wa yara saba'in karatu da alli rabin yatsa, shi ne zai kasa abin da maƙwabcinsa masunci ya iya? Malamai da yawa a Yawuri da Ngaski da Shanga sun koya da kansu, ba wanda ya ba su sisi. Na san malamar da ke zuwa Yalwa ranar Asabar, ta sauke darussan mako a inda sabis yake da ƙarfi, ta koma ta raba wa abokan aikinta waya zuwa waya, ba tare da an ƙona data ba. Na san malaman aji ɗaya da suka buɗe zauren WhatsApp, wannan ya tura tsarin darasinsa, wancan ya gyara masa, wani ya ɗauki muryarsa yana nuna yadda ake koyar da baƙi da wasali. Akwai wanda ya gano cewa iyayen ɗalibansa ba sa karanta boko, sai ya koma tura musu saƙon murya da Hausa duk ranar kasuwa, yana faɗin yaran da ba su zo ba, kuma ajinsa ya ƙara cika. Ko rubuta ƙ da ɗ da ɓ a waya, mu muka koya wa juna. Mutanen da suka yi wannan da guminsu ne ake cewa sun ƙi zamani.

Abin da ya tare hanya a bayyane yake, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na farko wuta. A 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya haɗiye gungaye da tsoffin garuruwa, aka tashi mutane fiye da 40,000, cikinsu har da iyaye da kakannin yaran da muke koyarwa, domin Nijeriya ta sami lantarki. Fiye da shekara hamsin ke nan, amma makarantu nawa ne a bakin tafkin nan suke da wurin da malami zai sa waya a caji? Kuɗi yake biya a rumfar mai janareta, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin cajin ma ya tashi. Na biyu sabis. Da zarar ka bar babban titi, ko ka tsallaka ruwa, sai ka ga malami a kan tudu ya ɗaga waya sama yana juyi. Na uku data. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Daga albashin da za a sayi gero da magani da littafin yara ake so a yanko wannan. Soja ba ya sayen harsashi da albashinsa, likita ba ya sayo allura daga aljihunsa. Malami kaɗai ake ce wa ya sayi kayan aikin gwamnati, in ya kasa a kira shi malalaci.

Sai kuma irin horon da ake ba mu, in an tuna da mu. A ɗauki mutum biyu daga ƙaramar hukuma guda, a kai su babban gari kwana uku, a haska musu hotuna a bango, a ba su jaka da takardar shaida, a ce su je su koya wa sauran. Da me za su koyar? Sau da yawa ma wanda aka zaɓa ya daɗe da barin riƙe alli. Wannan koyon iyo ne a kan tabarma. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, tare da UNICEF da Microsoft, ta ƙaddamar da manhajar Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussa kyauta, har da na Hausa. Abu ne mai kyau. Amma manhaja ba ta da ƙafa, ba za ta kai kanta Gebbe ko Utono ba, sai an sami wanda zai zauna da malami a ajinsa, da wayarsa ta hannu, ya nuna masa sau ɗaya, ya dawo bayan wata ya ga inda ya tsaya.

Abin takaici, inda aka fi saurin rungumar zamani shi ne wajen ba mu umarni. Zauren da aka buɗe don ilimi ya koma allon sanarwa. Ƙarfe goma na dare saƙo zai shigo, a turo sunayen ɗalibai da hotunan rajista kafin takwas na safe. Wanda ƙauyensu ba sabis bai gani ba, sai ya wayi gari da takardar tuhuma. A da, takarda takan zo da sa hannu da kwanan wata, mutum ya san abin da zai riƙe ya kare kansa. Yanzu an mayar da wayar malami ofis, an mayar da darensa lokacin aiki, kuma shi ke biyan kuɗin hayar ofishin.

Duk da haka, 'yan'uwa, kada wannan ya zama mana mafaka. Akwai a cikinmu masu cewa waya fitina ce, su sun tsufa, saura shekaru kaɗan su ajiye aiki. Dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, don haka wanda yake da arba'in da 'yan kai yau yana da kusan shekara ashirin a gabansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In muka jira sai ranar da aka zaunar da mu gaban kwamfuta don tantancewa, mun ba masu zarginmu wuƙa da nama. Wanda ya iya ya koya wa wanda bai iya ba, babba kuma kada ya ji nauyin tambayar ƙaramin malami.

Koyon ya haɗa da sanin abin da ba a yi. Mu da muka ga abin da ya sami Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021 ba mu da uzurin ɗora hotunan yara a Facebook tare da sunan makaranta da lokacin tashi. Fuskar yaro amana ce, ba a yaɗa ta sai da yardar iyayensa. Jita-jitar hari da ba a tabbatar ba, malami ya tura ta, takan watsa makaranta cikin sa'a guda, domin a ƙauye maganar malam gaskiya ce. Kuma wanda ya tsaya gaban aji yana latsa waya yara suna jira, ya sani shi ne hujjar da ake kafawa a kanmu duka.

Saboda haka ina kira ga shugabannin reshenmu su ɗauki waɗannan buƙatu a rubuce su kai inda ya dace. A sanya alawus na data a albashin kowane malamin firamare, a fili, kamar sauran alawus. A kawo horo gunduma-gunduma, a cikin makarantunmu, da Hausa, kuma masu horarwa su riƙa dawowa. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko, kuma a cikinsa akwai kason horar da malamai. A nemi hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin yankunan da madatsun lantarki suka shafa, ta sa sola a makarantun bakin tafki. A nemi asusun USPF na hukumar sadarwa, wanda aikinsa ke nan, ya kai sabis ƙauyukan da kamfanoni suka tsallake. A kuma kafa ƙa'ida: umarnin da ya zo ta waya bayan tashi daga aiki ba ya hawa kan kowa sai washegari, kuma ba a hukunta malami kan saƙon da bai same shi ba.

Ƙungiyarmu ta NUT tun 1931 take, kuma ba ta taɓa samun wani haƙƙi ta hanyar yin shiru ba. Yau mai riƙe da jihar Kebbi, Gwamna Nasir Idris, tsohon shugaban wannan ƙungiya ne na ƙasa baki ɗaya. Ba ya buƙatar tafinta kafin ya gane kukan malami. In ba mu kai buƙatunmu yanzu ba, yaushe za mu kai? Mu zo taron reshe na gaba da sunayen makarantun da ba wuta da waɗanda ba sabis, gunduma bayan gunduma, daga Tondi har Wara, domin a yi magana da lissafi a hannu. Allah ya yi mana jagora, ya sa albarka a cikin yaran da aka ba mu amana.