Wayarka Ba Ta Da Aljanu, Kai Ne Ka Koya Mata Shirme

Jama'a, yau ba gyaran sikirin zan koya muku ba, faɗa zan yi.

A satin nan wani dattijo daga Panisau ya zo shagona a Bachirawa ransa a ɓace. Ya tura wa ɗansa saƙo a kan buhun gero, waya ta mayar masa da "zero". Ya ce: "Yaro, kashe min wannan abin." Haka kowa yake cewa, a kashe mai gyaran rubutu. To ni ban yarda ba. Wanda ciwon kai ya dama ba ya yanke kan.

Laifin waye? Ka bar wayarka a kan Turanci, kana rubuta Hausa, me kake so ta yi? Ta ja jan layi, kai kuma ka danna a saka kalmar a ƙamus. Yau ka saka "qasa", gobe "xan", jibi "ngd". Duk ta haddace. Yanzu idan ka rubuta daidai ma, ita ce za ta kawo maka gurɓataccen.

Kar ka ce "ai ana ganewa". Baki daban, baƙi daban. Kare daban, ƙare daban. Ka tura wa surukinka cewa auren ya "kare" ka ga yadda za ta kaya.

Ga gyaran, ko sisi ba za ka biya ba:

1. Shiga saitin Gboard, ka buɗe Languages, ka ƙara Hausa.
2. Danne harafin k, b ko d ka riƙe, ƙ, ɓ da ɗ za su fito.
3. Shiga Dictionary, sai Personal dictionary, ka goge duk shirmen da ka tara.

Masu kwamfuta kuwa, ku ne ba ku da uzuri. LibreOffice da Firefox suna aiki da Hunspell, kuma fayil biyu kawai yake so. Na .dic jerin kalmomi ne, layin farko shi ne adadinsu. Na .aff shi ke ɗauke da dokokin ɗafi, wato abin da ake liƙa wa kalma a gaba ko a baya. Ka fara shi da SET UTF-8, in ba haka ba haruffa masu lanƙwasa su dagule. Sai ka rubuta:

SFX A Y 1
SFX A 0 r a

A cikin .dic ka sa mota/A. Shi ke nan, ya san mota, ya san motar. Ka yi wata dokar ta -n saboda gida da gidan. Amma jam'i sai ka bi a hankali: gida gidaje, mota motoci, littafi littattafai. Doka ɗaya ba ta kama su, gara ka jera kowanne da hannu. In kana shakkar kalma, duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, kar ka yi hasashe.

Wani ɗan ƙasar Hangari, László Németh, shi ya ƙirƙiri Hunspell saboda harshensu, kuma masu jin harshen ba su kai mu yawa ba. Mu muna zaune muna jiran Bature ya gyara mana Hausa?

Dattijon nan minti 5 na yi masa, ya tafi da gerons daidai a waya. Kai ma buɗe ƙamusin wayarka yanzu, ka faɗa mana shirmen da ka tarar a ciki.