Shagon intanet a Arewa: wa ke riƙe da makulli?

Wata sabuwar waƙa ta shigo gari, kuma kamar kullum daga Yamai aka rero ta. Wai lokaci ya yi da ɗan kasuwar Dogon Dutsi da mai sana'ar Tibiri za su buɗe shago bisa intanet, su baje hajarsu ga duniya baki ɗaya. Madalla! Ba mu gaba da ci gaba. Amma kamin a tara jama'a cikin ɗakin taro, a raba masu alƙalami da kuɗin zama, muna da ƴancin tambaya: shagon na wa ne, kuma da wane harshe za a yi ciniki cikinsa?

Ba yau aka fara wannan alkawari ba. An yi mana shelar Nijar 2.0. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 domin a kai rezo karkara, cikin tsarin nan na ƙauyukan zamani. Gidan waya na ƙasa ya buɗe nasa dandalin saye da sayarwa, Kaomini. A 2025 kuma Starlink ya sauka ƙasar. To, mai karatu ya shiga kasuwar Matankari ko ta Koren Mairuwa, ya tsaida masu tebur goma, ya tambaye su ko akwai wanda ya taɓa sayar da tiya guda ta wake ta irin waɗannan dandali.

Abin da masu shirya tarurruka suka ƙi gani shi ne, talakawa ba su jira su ba. Shagon tuni ya buɗe, yana cikin aljihun riga. Mai ƙuli-ƙuli ta ɗauki hoton kayanta, ta aika ta WhatsApp da muryarta, cikin Hausarta ta Arewa. Mai saye a Yamai ya zuba kuɗi ta NITA ko Al Izza. Yaro ya kai buhu tasha, direba ya ɗora, ya bi babbar hanya kilomita wajen 270, kamin la'asar kaya sun isa. Babu takarda, babu hatimi. Jarin wannan ciniki amana ce: ana sanin ɗiyar wane ce, ana sanin ƙofar gidansu, in ta ci amana akwai dattijon da za a kai wa ƙara.

Shi kuwa shagon da ƴan lakkwal ɗinmu ke tallatawa, da Faransanci aka rubuta shi tun daga ƙofa har ƙurya. Ke nan mai kaya, wanda galibi bai zauna aji ba, sai ya nemi wanda zai karanta masa, ya rubuta masa, ya riƙe masa lambar sirri. Wanda ya riƙe lambar, shi ya riƙe makulli, shi ya san masu saye, shi ke yanka farashi. An ce za a kori dillali, sai ga wani dillalin ya dawo da kwat da kwamfuta, la'adarsa ta fi ta na da, kuma ba ya jin kunyar kowa cikin gari.

A dubi dankalin Turawa, wanda ya fitar da sunan Dogon Dutsi. Manomi ya sayi iri mai tsada daga Turai, ya yi ban ruwa duk tsawon sanyi. Ranar haƙa, kowa ya haƙa tare, kasuwa ta cika, zafi ya matso, farashi ya faɗi. Wannan bawan Allah ba hoton dankali ya rasa ba. Ɗakin sanyi yake so, da kuran da ba ya yankewa, da bashin da zai ba shi damar jira wata biyu. Mun ga abin da ya faru a 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar mana, aka kuma rufe iyaka: wane shagon intanet ne ya ƙetara da buhu guda zuwa Kangiwa?

Ko manyan ma sun sha kashi. Jumia, da aka kafa a Legas a 2012, duk da kuɗin da ke bayansa, ya rufe a Kamaru da Tanzaniya a 2019, ya bar Tunisiya da Afirka ta Kudu a 2024. In kura ta gaza, ina ga ɗan akuya?

Saboda haka muna kira ga mahukuntan jahar Doso. In da gaske ake, a gina bisa abin da jama'a suka riga suka ƙirƙiro: dandali mai jin magana da Hausa da Zabarmanci, makulli hannun ƙungiyoyin manoma da na mata, kuɗin aikawa mai rahusa. Kamin nan kuma, a liƙa mana takarda a ƙofar ofishin perefe na Dogon Dutsi da na Tibiri, mai ɗauke da sunayen ƙauyukan Arewa da suka samu rezo daga waɗancan miliyan 100, ɗaya bayan ɗaya, da abin da aka kashe kan kowane.