Rada ba ta ganin yashin Farin Nilu

Tun da sojojin Sudan suka sake karɓe Khartum a watan Maris na 2025, tambayar da ke gaban fatake ita ce ko kaya za su iya bin ruwa daga Alshajara, a bakin Farin Nilu, zuwa Kosti.

Kada mai jirgi ya ruɗe ku da na'urori. Rada takan nuna gaɓa ko wani jirgi cikin duhu da ƙura, amma ba ta ganin tudun yashi a ƙarƙashin ruwa. Na'urar taswira kuwa, zurfin da aka auna aka zuba mata kaɗai ta sani, alhali yashi kan ƙaura bayan kowace ambaliya. Ku tambayi shekarun matuƙi a kogin kafin lodi. Ga kuma madatsar Jabal Auliya ta 1937 a tsakani, sai ta ƙofarta jirgi ke wucewa.