Digiri Ɗaya Ko Biyu? Shawara Ga Masu Sha'awar Zane

Akwai wata magana da ke yawo tsakaninmu 'yan aji biyar masu sha'awar zane. Wasu suna cewa digiri na farko ba ya ciyar da mai shi, sai an ɗora na biyu a kansa nan take. Ni ban yarda da wannan ba, kuma ga dalilaina.

Da farko dai ya kamata mu san aikin kowannensu. A digiri na farko, wanda ke cin shekara 4, ana horar da hannu ne da ido. Ɗalibi zai taɓa zane da fensir, da fenti, da sassaƙa, sa'an nan ya zaɓi inda ya fi ƙwarewa. Na biyu kuwa, wanda akan yi cikin kamar shekara 2, ba a koya wa mutum riƙon buroshi a cikinsa. Abin da malamai za su tambaye shi shi ne, me kake so ka faɗa wa duniya da wannan hannu naka? Wanda bai taɓa sayar da hoto ko ɗaya ba, bai taɓa jin sukar mai saye ba, ina zai samo amsa?

Mu dubi tarihi. A 1958 wasu samari a kwalejin Zariya wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya don a haɗa fasahar gargajiya da dabarun Turawa. Suna ɗalibai suka yi wannan, ko takardar farko ba su karɓa ba, amma har yau ana karanta labarinsu. Ga kuma Ladi Kwali, maginiyar tukwane wadda ba ta yi karatun jami'a ba. Jami'ar Ahmadu Bello ce da kanta ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta na nan a bayan takardar naira 20.

Kada a ɗauka ina raina digiri na biyu. Wanda ke da niyyar koyarwa a jami'a ba shi da makawa sai ya yi shi. Marigayi Gani Odutokun ya gama na farko a Zariya a 1975, ya sami na biyu a 1979, ya yi ta koyarwa a can har rasuwarsa a 1995. Shi ya san abin da ya koma nema.

Saboda haka shawarata ita ce, mu yi na farko da gaske, mu yi bautar ƙasa, mu fita mu yi aiki shekara biyu ko uku, ko a maɗaba'a, ko a makaranta, ko a shagon kanmu. In wata tambaya ta taso wadda kasuwa ta kasa amsawa, to, lokacin komawa ya yi, kuma da kuɗin guminmu. Iyayenmu suna da ƙannenmu da za su biya wa makaranta, bai kamata mu ƙara musu nauyi don tsoron fita duniya kawai ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya yi mana jagora, amin.