Faransa da Yunƙurin Kwaikwayon Rana

Duk ganyen da ke sarrafa abinci a gona daga hasken rana yake samun ƙarfi. Ita kuwa rana, zafinta na fitowa ne daga haɗuwar ƙwayoyin zarra na haidirojin, inda suke rikiɗa su zama hiliyom. Wannan aiki masana ke neman kwaikwaya a Kadarash, kudancin Faransa, a tashar gwaji mai suna ITER.

An faro maganar a taron Reagan da Gorbachev a Janeba cikin 1985. A 2005 aka zaɓi Faransa ta karɓi baƙuncin aikin, aka sa hannu kan yarjejeniya a 2006 tsakanin Tarayyar Turai, Amurka, Rasha, Sin, Japan, Indiya da Koriya ta Kudu. Dama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manufar ita ce a ɗumama nau'o'in haidirojin biyu, diyutiriyom da tiritiyom, har digiri miliyan 150, a riƙe su da maganaɗisu, a sami zafi megawat 500 daga megawat 50 da aka zuba musu.

Masu suka suna da hujja. Kuɗin aikin ya ninka abin da aka ƙiyasta, kuma a 2024 aka ɗage babban gwajin zuwa 2039. Tashar ma ba za ta ba kowa lantarki ba, ta bincike ce kawai. Duk da haka, a ganina Faransa ta yi dabara. Wajen kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga fasa ƙwayar yuraniyom yake fitowa, wanda ke barin shara mai haɗari ta dubban shekaru. Sabuwar hanyar ba ta fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma daga ruwan teku ake tace diyutiriyom. Ci gaba kuma yana samuwa, domin a Fabrairun 2025 na'urar WEST da ke Kadarash ta riƙe iskar nan mai zafi fiye da minti 22.

Abin ya shafe mu. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ta Nijar, Faransa kuwa ta daɗe tana amfana da shi. Ranar da haɗe zarra ta kankama, darajar wannan ma'adini na iya raguwa, alhali kasuwar masu ilmin lissafi da kimiyya za ta ƙaru. Saboda haka, ya ku ɗalibai da malamai, a riƙi waɗannan darussa da gaske tun daga sakandare, don da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.