A Bar Yara Su Hau Dutse

Masu iya magana sun ce, hangen Dala ba shiga birni ba. Ranar da malaminmu ya kawo mana wannan karin magana a aji, sai ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa hawa Dala a cikinmu. Babu wanda ya ɗaga hannu, kuma wannan ba abin mamaki ba ne, domin mafi yawanmu 'yan kudu ne da muke koyon Hausa nesa da Kano. Sai ya sake tambaya, ya ce to, wa ya taɓa hawa dutsen garinsu? Nan ma hannu biyu ko uku ne suka tashi, nawa kuwa ba ya ciki. Na ji kunya ƙwarai da gaske, saboda ni haifaffen Abeokuta ne, garin da sunansa ma da Yarabanci yake nufin "ƙarƙashin dutse". Shekara ashirin da 'yan kai ina hangen dutsen Olumo safe da yamma, amma ƙafata ba ta taɓa taka shi ba.

Wannan kunya ce ta sa da muka sami hutun ƙarshen shekara na yanke shawarar hawa, kuma na ce ba zan tafi ni kaɗai ba. Na ɗauki ƙannena biyu da yara uku na maƙwabtanmu Hausawa na unguwar Sabo, waɗanda a gidansu na fara jin wannan harshe tun ina ƙarami. Babbansu shekararsa goma sha uku, ƙaramarsu kuma takwas. Abin da na gani a wannan rana shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin in faɗi ra'ayina a fili: muna tauye wa yaranmu haƙƙi idan muka tsare su tsakanin aji da ɗaki da waya, alhali Allah ya zuba mana duwatsu a ƙofar gida.

Samun izini ya fi hawan wuya. Da na je wurin mahaifiyar yaran na durƙusa na gaishe ta na faɗi buƙatata, sai ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, boko ne ya koya maka haka? Kana so ka kai mini yara su karye?" Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Akwai matakala, akwai masu yi wa baƙi jagora, kuma da yardar Allah kafin azahar mun dawo." Sai da ta yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ta ce, "To, amana na ba ka." Da wannan kalma na kwana a zuciyata.

Mun isa gindin dutsen da sanyin safiya. An ce tsayinsa mita 137 ne, kuma tun gyaran da aka yi wa wurin a 2006 aka sanya masa lif saboda tsofaffi da marasa ƙarfi. Mu kuwa muka bi matakala, daga nan muka shiga tsohuwar hanya, inda mutum zai ratsa tsakanin manyan duwatsu biyu yana dafa wannan yana taka wancan. A nan ne ƙaramar yarinyar ta tsaya cik, ta ce, "Yaya, ni ba zan iya ba." Ban ɗauke ta ba, ko da yake zuciyata ta so hakan. Na tsaya a bayanta na ce ta nemi inda za ta sa hannu, sa'an nan ta nemi inda za ta sa ƙafa, kada ta dubi ƙasa. Sannu ba ta hana zuwa. Da ta fito ɗaya gefen sai ta juyo ta dubi inda ta baro, ta fashe da dariya, ta ce, "Ashe na iya!" Wannan yarinya a gida ko ƙadangare ta gani sai ta ruga. Ban san wani darasi na aji da zai sa yaro ya faɗi wannan magana da irin wannan murya ba.

Wannan shi ne amfani na farko, wato yaro ya san ƙarfin kansa. A kan dutse babu satar amsa, babu kuma wanda zai hau maka. Amfani na biyu lafiyar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 60 a kowace rana, kuma binciken da ta fitar a 2019 ya nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na matasa 'yan makaranta a duniya ba sa cika wannan. Mu duba gidajenmu, mu faɗi gaskiya. Yaro ya fita da asuba, ya taso ƙarfe uku, ya wuce lesin, ya dawo ya yi aikin gida, abin da ya rage kuma waya ta cinye. Makarantu masu zaman kansu da yawa a biranenmu gidajen haya ne da aka mayar ajujuwa, ko filin guje-guje babu.

Amfani na uku shi ne ilimi, kuma gani ya kori ji. Mai yi mana jagora ya shigar da mu kogunan da Egbawa suka fake a cikinsu lokacin yaƙe-yaƙen ƙasar Yarabawa, wajen shekarar 1830, lokacin da aka kafa garin ƙarƙashin jagorancin Sodeke. Ya nuna mana ramukan da ke jikin dutse inda mata suke niƙa barkono. Ƙanina ya karanta wannan tarihi a makaranta har ya ci jarrabawa a kansa, amma sai da ya sunkuya ya shiga kogon, kansa ya bugi rufin, sa'an nan ya tambaye ni yadda iyali guda suka rayu a wuri ƙarami haka. Daga ƙolin dutsen kuma muka ga kogin Ogun yana ratsa gari, muka ga jajayen rufin kwano har iyakar gani, yara suna ta gardamar ina unguwarsu take. Taswirar da ke cikin littafi ta zama gari a gaban idonsu.

Ni ma ɗalibin harshe ban dawo hannu rabbana ba. Muna saukowa na ga wani wuri mai laushi, na ɗaga murya na ce, "Ku kula, akwai santi a nan!" Yaran Sabo suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Babban ya ce, "Yaya, santsi ake cewa. Santi sai an ci abinci mai daɗi." Shekara uku ina nazarin tsarin sauti, amma a kan dutse na rabu da wannan kuskure, kuma na tabbata ba zan sake shi ba. A wannan rana kalmomi irin su kogo da tsauni da gangara da ƙoli suka fita daga ƙamus suka shiga bakina.

To, kada mai karatu ya ɗauka na raina tsoron Hajiya. Tsoronta yana kan hanya. Dutse ba abin wasa ba ne, musamman da damina lokacin da yake da santsi, kuma saukowa ta fi hawa haɗari domin gajiya ta riga ta kama ƙafa. Har ila yau, kowa ya san halin rashin tsaro da ƙasarmu take fama da shi, akwai dazuzzuka da duwatsun da ko babba ba zai dosa ba, balle a kai yara. Amma maganin haɗari shi ne shiri. A zaɓi dutsen da yake cikin gari ko kusa da shi, wanda yake da masu gadi da masu jagora. A tafi da rani, da sassafe, kafin dutse ya ɗauki zafi. Kowane yaro ya sa takalmi mai kama ƙasa, ya riƙe gorar ruwansa. Babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, a ƙirga yara kafin hawa da bayan sauka. Shi kuwa hawan miƙaƙƙen dutse da igiya da ɗamara da hular kwano, wanda ya shiga gasar Olamfik a karon farko a birnin Tokiyo a 2021, wannan sai da ƙwararren mai koyarwa, kada wani ya gwada shi da igiyar guga. Yaron da aka hana shi hawa a gaban manya, wata rana zai hau a ɓoye da abokansa, kuma nan ne ake samun karaya.

Wasu kuma za su ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, mu ina ruwanmu da wahalar da kai. Ni ban yarda ba. Kakanninmu a kan dutse suka rayu. Mutanen Idanre a jihar Ondo a saman tsaunuka suke zaune kafin su sauko, har yau tsohon garin da fadar sarkinsu suna can, sai an taka matakala sama da ɗari shida kafin a kai, kuma tun 2007 wurin yake cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO. A Ado-Awaye ta jihar Oyo akwai tafki a saman dutse. A arewa kuwa, tarihin Kano daga Dala da Barbushe yake farawa, Zariya tana da Kufena, babban birnin Jigawa ma sunansa Dutse. Horon Man O' War da muke gani a makarantunmu, wanda aka fara a 1951 a gaɓar tekun Kamaru, yana da sansani a tsaunukan Shere kusa da Jos, inda ake koya wa matasa juriya da shugabanci ta hanyar hawan dutse. Ashe ba baƙon abu muke nema ba, namu ne muka yi wa riƙon sakainar kashi.

Saboda haka ina kira ga iyaye da su sassauta, ina kira ga shugabannin makarantu da su sanya irin wannan fita cikin tsarin zango, kada yawon buɗe ido ya tsaya ga zuwa kantin zamani a sha askirim a dawo. Kirana mafi girma kuwa gare mu ne ɗalibai. Ba sai mun jira gwamnati ba. Kowannenmu yana da ƙanne, kuma kuɗin mota da na shiga ƙofa ba su kai abin da muke kashewa kan data a wata ba. Me zai hana ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ta shirya fita sau ɗaya a zango, mu gayyaci yaran unguwannin Sabo, su koya mana harshe, mu kuma mu riƙe musu hannu a kan matakala? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mun dawo gida kafin azahar kamar yadda na yi alkawari. Hajiya ta ƙirga 'ya'yanta, ta duba gwiwoyinsu, ta sa mini albarka. Yanzu duk ranar da na buga waya gida, tambayar ƙaramar yarinyar nan ɗaya ce: "Yaya, yaushe za mu Idanre?" Na ce mata sai hutu mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ni kuma na ɗaukar wa kaina alkawarin cewa ranar da na fara shiga Kano, ba zan tsaya ga hangen Dala ba.