Jan-baki a Kura da Bunkure: Me Ya Sa Feshi Kaɗai Bai Isa Ba?

Da zarar shinkafa ta fitar da kai a gonakin noman rani na Kura da Bunkure, hankalin manomi yakan koma sama. Abin da yake tsoro tsuntsu ne mai nauyin kimanin giram 20, wato jan-baki, wanda masana ke kira Quelea quelea. An ƙiyasta yawansa a Afirka ya kai biliyan 1.5, kuma babu tsuntsun daji da ya kai shi yawa a duniya.

Asalin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce. Idan ruwan farko ya sauka, ƙwayar ta tsira, sai abincin ya yanke, garken ya tashi neman wani wuri. A ƙarshen rani ma daji yakan bushe ƙurmus. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya mayar da wannan yanki kore a lokacin da ko'ina ya ƙone, ga hatsi, ga ruwan sha, ga kachalla a magudanai inda tsuntsun ke samun makwanci. Tsuntsu ɗaya yakan ci kimanin giram 10 a yini. Garke mai miliyan 2 ke nan zai lashe tan 20 kafin magariba, ban da wadda yake kakkaɓewa ƙasa.

Saurin haihuwarsa ne ke karya lissafin hukuma. Macen takan sa ƙwai uku, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 10, bayan kusan mako biyu 'ya'yan su tashi. Shi ya sa feshin maganin fenthion ta jirgin sama, da aka daɗe ana dogaro da shi, yake rage garke na ɗan lokaci kawai, yana kuma kashe wasu tsuntsayen da ba su taɓa gona ba.

Nauyin ya fi faɗa wa ƙaramin manomi, wanda ke biyan masu kora daga asuba zuwa almuru, ko ya hana ɗansa makaranta ya riƙe majaujawa. Kuɗin nan a farashin buhu yake ƙarewa a mashinan casa na Kura.

Matakin da ya fi araha yana hannun Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are da ƙungiyoyin manoma: share kachalla, da daidaita lokacin shuka, domin gonar da ta nuna ita kaɗai ce garke ke wa taron dangi. A Chadi kuwa, maharba na kama jan-baki da raga su sayar da namansa a kasuwannin Njamena.